Yadda Ake Koyar da Yara a Gida da Taswira da Layin Tarihi

Duk labarin da za ku ba yaro yana da tambaya biyu a maƙale da shi: a ina ya faru, kuma yaushe? Taswira ce ke amsa ta farko, layin tarihi ke amsa ta biyu. Layin tarihi dai igiya ce ko doguwar takarda da aka raba ta gida-gida daidai wa daida, kowane gida yana wakiltar adadin shekaru, sai a riƙa rataya abubuwan da suka faru kowanne a gurbinsa. Gani ya kori ji, amma sai idan yaron ne ya auna da hannunsa, ya zana, ya liƙa. Taswirar da aka sayo aka manna a bango aka bar ta, kafin mako biyu ido ya saba da ita, ta koma ado.

KAYAN AIKI

Taswirar duniya babba guda ɗaya, da ta nahiyar da kuke karatu a kanta. Kafin ku saya ku duba shekarunta: idan babu Sudan ta Kudu a jiki, an buga ta ne kafin 2011. Idan kuka ga Tarayyar Sobiyat a dunƙule, ta girmi 1991. Irin wannan kada ku yar, ku ajiye ta don darasin tarihi, amma kada ta zama taswirar yau da kullum.

Ƙwallon duniya, ko da ƙarami ne. Idan babu, kowace ƙwallo mai haske da za a iya zane a jikinta za ta yi.

Igiya mai ƙarfi mita 6, wadda ba ta miƙewa idan an ja ta. Zaren saƙa kala uku ko huɗu. Rula mai santimita 30 da tef ɗin awo. Fararen takardu A4, kwali, takarda mai shara-shara ta kwafar zane. Fensir, abin goge fensir, fensiran kala, maka baƙa, almakashi, gam, salatif, da fil mai kai idan yaran sun wuce shekarun sa abu a baki. Kamfas yana da amfani amma ba dole ba ne, rana za ta maye gurbinsa.

MATAKI NA 1: A FARA DA ƊAKIN DA YARO YAKE CIKI

Kada ku fara da taswirar duniya. Yaro ɗan shekara biyar ko shida bai riga ya gane cewa taswira hoton wuri ce daga sama ba, kuma idan bai kama wannan ba, duk abin da za a ɗora a kai yana lilo. Ku jera ƙananan abubuwa uku a ƙasa, misali kofi da littafi da takalmi, ku sa shi ya tsaya a kansu ya leƙa, ya zana abin da idonsa ya gani. Yawancin yara za su zana kofin ta gefe, da hannunsa da gindinsa. Kada ku gyara masa da baki. Ku ce ya sake leƙawa, ku tambaye shi: “Daga nan sama, wane irin zane kake gani?” Ranar da ya zana da’ira ya ce ita ce kofi, ya shirya.

Daga nan sai ɗaki. Ku auna tsawo da faɗi tare da shi, ku yanke ma’auni: kowace mita ɗaya a ƙasa ta zama santimita 5 a takarda. Ɗaki mai mita 4 da mita 3 zai fito santimita 20 da 15, ya zauna cikin A4 har da rarar gefe. A sa ƙofa da taga tukuna, sannan manyan kaya. Idan babu tef, yaron ya auna da tafin ƙafarsa, dunduniya na taɓa yatsa, kowane taku ya zama gida ɗaya a takardar lissafi mai gida-gida. Mutum ɗaya ne zai auna duka, domin idan uwa ta auna tsawo ɗa ya auna faɗi, ɗakin zai fito a karkace.

Idan an gama, ku ɓoye wani abu a ɗakin, ku yi alama a taswirar, ya nemo. Sai ku juya, shi ya ɓoye ku nemo.

MATAKI NA 2: KUSURWOYI HUƊU

Da safe ku fita waje, yaro ya fuskanci inda rana ta fito. Gabansa gabas, bayansa yamma, hagunsa arewa, damansa kudu. Idan kuna son abin da ya fi wannan daidai, ku kafa sanda a miƙe a fili, ku sa tsakuwa a ƙarshen inuwarta, ku jira minti ashirin, ku sake sa wata a sabon ƙarshen inuwar. Layin da ya haɗa tsakuwoyin biyu shi ne yamma da gabas, tsakuwar farko tana ɓangaren yamma. Mai amfani da kamfas ya nisanci ƙarfe da waya, suna karkatar da allurar.

Ku rubuta sunayen kusurwoyin a takardu huɗu ku manna a bangon ɗakin karatu, kowace a inda ta dace.

A nan akwai kuskuren da yake bin mutane har girmansu, wato ɗaukar arewa a matsayin “sama”, kudu “ƙasa”. Taswirar bango ce ke haifar da shi. Yaron da ya tashi da wannan zai yi ta mamakin yadda Kogin Nilu ke “hawa sama”, alhali gangarawa yake yi daga tuddan tsakiyar Afirka da na Habasha zuwa tekun Bahar Rum da ke arewa. Maganinsa shi ne a sauke taswirar a shimfiɗa ta a ƙasa, a juya ta har arewarta ta fuskanci arewa ta gaskiya, kuma ku kanku ku daina cewa “sama da Masar” ku ce “arewa da Masar”. Sa arewa a saman takarda yarjejeniya ce kawai ta masu zane. Al-Idrisi, wanda ya kammala shahararriyar taswirarsa a Sisili a 1154, kudu ya sa a sama.

MATAKI NA 3: KARANTA TASWIRAR DA AKA BUGA

Abu uku yaro zai nema duk lokacin da aka buɗe sabuwar taswira, tun kafin ya fara neman sunan gari: kanun da ke faɗin ta mene ce, mabuɗin alamomi, da ma’auni.

Kala tana yaudara. A taswirar ƙasashe, kala ba ta da wata ma’ana illa raba wannan ƙasa da waccan. A taswirar yanayin ƙasa kuwa, kore yana nufin wuri mai kwari, ruwan ƙasa yana nufin tudu. Yara suna ganin kore su ce daji ne, alhali akwai hamadar da za a shafa wa kore don kawai ba ta da bisa.

Ma’auni kan zo iri biyu, na lamba da na sanda, wato ɗan layin da aka raba gida-gida a gefen taswira. Idan aka rubuta 1:1,000,000, santimita ɗaya tana daidai da kilomita 10. Idan 1:10,000,000 ne, kilomita 100. Ku kiyaye wannan: da zarar an ƙara girman taswira ko an rage a injin kwafi, ma’aunin lamba ya zama ƙarya, na sanda ne kaɗai ke nan daidai, domin shi ma ya girma ko ya ragu tare da zanen. Don auna kogi ko hanya mai lanƙwasa, a bi ta da zare a hankali, a yi alama a inda ta ƙare, a miƙe zaren a kan rula. Ku gwada da Nilu, wanda tsawonsa ya kai kimanin kilomita 6,650. Amsar yaron za ta gaza haka, saboda taswira ba ta nuna kowane ɗan lanƙwasa ba, kuma gane dalilin gazawar darasi ne mai zaman kansa.

MATAKI NA 4: ƘWALLO DA TAKARDA

Ku sami tsohuwar ƙwallon roba, ku yanka ta biyu, ku ce yaro ya shimfiɗa rabin a ƙasa ya kwanta sumul. Ba zai yiwu ba sai an tsaga ko an ja. Haka duk taswirar duniya take, sai an ja wani wuri kafin ta kwanta a takarda.

Wadda aka fi sani ita ce irin ta mai zanen taswira Mercator, wadda ya fitar a 1569 don amfanin matuƙan jirgin ruwa. Tana kiyaye kusurwa, amma tana kumbura duk abin da ya yi nisa da tsakiyar duniya. A jikinta tsibirin Girinlan yana neman kai girman Afirka, alhali Afirka, mai faɗin murabba’in kilomita kusan miliyan 30, ta ninka shi wajen sau 14. Ku sa yaro ya kwafi Girinlan daga jikin ƙwallon duniya a takarda mai shara-shara, ya yanka, ya ɗora a kan Afirka ta wannan ƙwallon. Ba sai kun ƙara bayani ba. Daga ranar ku kafa doka: duk gardamar wace ƙasa ta fi girma, a ƙwallo ake yanke ta.

MATAKI NA 5: YARO YA ZANA TASA

Hanya mafi sauƙi ita ce kwafa. A manna taswira a gilashin taga da rana, a ɗora farar takarda a kai, a bi gefen nahiyar da fensir. Don babbar taswira a kwali, a ja gidaje masu santimita 2 a kan ƙaramar, a ja masu santimita 6 a kwalin, a sa wa gidajen lamba iri ɗaya, a riƙa kwafa gida bayan gida. Za ta fito ninki uku.

Tsarin cikawa yana da muhimmanci. Gaɓar teku tukuna, sai koguna, sai tsaunuka da hamada, sai birane, iyakokin ƙasashe su zo ƙarshe. Yaron da ya fara da koguna zai ga da idonsa cewa tsofaffin birane a bakin ruwa suka tsiro, Alƙahira a kan Nilu, Bagadaza a kan Dijla, Landan a kan Temis. Wanda ya fara da iyakoki haddar suna kawai zai yi. A rubuta komai da fensir, sai an tabbatar a bi da maka, kala ta zo a ƙarshe kuma a shafa ta sama-sama don kada ta binne rubutu. Suna biyar zuwa bakwai sun isa a zama ɗaya.

Kafin a rubuta komai a kan zanen gaɓar, ku yi kwafinsa da yawa ku ajiye. Waɗannan taswirori marasa suna za su yi muku aiki duk shekara.

MATAKI NA 6: LAYIN RAYUWAR YARO

Kamar yadda aka fara taswira da ɗaki, layin tarihi ma da yaron kansa ake farawa. A ja layi, kowace shekara santimita 10. Ɗan shekara bakwai zai sami santimita 70. A sa ranar haihuwarsa, lokacin da ya fara tafiya, haihuwar ƙaninsa, ranar da haƙorinsa na fari ya fita. Sai a ƙara takarda ta hagu a koma baya har shekarar haihuwar uwa ko uba da wannan ma’aunin. Idan ya ga naku ya kai mita uku nasa bai kai ɗaya ba, ya fara gane cewa lokaci yana da tsawo.

MATAKI NA 7: BABBAN LAYI

Nan ne aikin yake, kuma nan aka fi yin kuskure.

Ku ɗaure igiyar a bango daidai tsayin idon yaro, ku ja ta sosai. Ma’aunin da ya fi sauƙin lissafi shi ne santimita 10 ga shekara 100, wato kowace santimita shekara goma. Mita 5 za ta ɗauki shekara 5,000, daga 3000 kafin Miladiyya zuwa 2000. Ku bar ’yar rara ta dama don shekarun da muke ciki. A kowace santimita 10 a yi ɗigo da maka, a kowace santimita 50 a liƙa ’yar takarda mai lambar shekara. Idan bango ɗaya bai isa ba, igiyar ta karya kwana ta bi na biyu. Idan ba a son taɓa bango, a haɗa A4 guda 20 ta gajeren gefensu, kowace ta ɗauki shekara 250 a santimita 25, ragowar a bar wa gam, a naɗe su ninki-ninki ana buɗewa a ƙasa lokacin darasi.

Doka ta farko: ma’auni ba ya canzawa a tsakiyar layi. Da yawa sukan matse zamanin da don babu abin sa wa, su buɗa na kusa don ya cika, su jera katuna da tazara ɗaya kamar kayan shanya. Wanda ya yi haka ya kashe amfanin layin gaba ɗaya. Ga abin da ma’auni na gaskiya ke nunawa: Babban Dalar Giza an gina shi wajen 2560 kafin Miladiyya, Sarauniyar Masar Kiliyofatara ta mutu a shekara ta 30 kafin Miladiyya, ɗan Adam ya taka wata a 1969. Ku ba yaro tef ya auna. Daga dala zuwa sarauniyar santimita 253, daga sarauniyar zuwa wata kimanin 200. Ashe ta fi kusa da zamaninmu a kan maginan dalar ƙasarta. Wannan ba ya shiga kai da faɗa, sai an gani. Wuraren da suka zama fayau a igiyar ku bar su fayau.

Zamanin kusa da ke cunkushewa a yi masa layinsa daban a ƙarƙashin babban, kowace shekara santimita 2, daga 1900 zuwa 2030, mita 2 da santimita 60 ke nan. A ɗaura jan zare daga ɗan gurbin da yake a babban layi zuwa bakin ƙaramin guda biyu, don yaro ya san buɗa shi aka yi. A nan zai auna ya ga shekara 66 kacal ke tsakanin tashin jirgin saman ’yan’uwan nan Wright a 1903 da sauka a wata.

Abu uku kan rikita yara, har da manya. Na farko, shekarun kafin Miladiyya baya suke ƙirguwa, 500 ta riga 200 zuwa. Ku sa babbar alama a mahaɗar kafin Miladiyya da Miladiyya, ku sa yaro ya tsaya a gabanta ya yi tafiya hagu yana ƙirga ƙarnuka da baki. Na biyu, babu shekara ta sifiri, daga 1 kafin Miladiyya sai 1 Miladiyya, don haka idan lissafi ya ƙetare mahaɗar ana haɗa lambobin biyu a cire ɗaya. Wannan na manyan yara ne. Na uku, sunan ƙarni yana gaba da lambar shekara: 1324 tana cikin ƙarni na 14, domin ƙarni na farko ya ƙunshi shekara ta 1 zuwa ta 100. Ku rubuta sunan kowane ƙarni a tsakiyar gidansa, matsalar ta kau.

Mai son ƙara ƙirgar Hijira ya ɗaura mata igiya ta biyu, farkonta a saitin 622. Shekarar wata ta gaza ta rana da kusan kwana 11, shi ya sa shekara 100 ta Hijira take daidai da kusan 97 ta Miladiyya. Ɗigonta sai ya zama kowace santimita 9.7. Don ku tabbatar kun yi daidai, 1400 ta Hijira ta faɗo a saitin ƙarshen 1979.

MATAKI NA 8: KATUNA

A yanka A4 gida takwas. A gaba yaro ya rubuta shekara da manyan lambobi, sunan abin da ya faru, da ɗan zane na hannunsa. A baya jimla biyu da kalmominsa, da sunan wurin. Katin ya fi shekara 70 faɗi a wannan ma’aunin, saboda haka kada a liƙa shi a jikin igiyar. A ɗaura zare a daidai shekarar, katin ya rataya a ƙasa, wani gajere wani dogo don kada su hau juna. Ƙullin zaren shi ke nuna shekara.

Abin da ya daɗe, kamar daula ko rayuwar mutum, ba kati yake buƙata ba, doguwar takarda mai kala ake yanka masa daidai tsawon zamaninsa. Wannan dabara ta tsufa, masanin Ingila Joseph Priestley ya yi amfani da ita a 1765 wajen jera rayuwar mashahuran mutane. Daular Abbasiyya a Bagadaza, 750 zuwa 1258, santimita 51 ke nan. Daular Tang ta Sin, 618 zuwa 907, santimita 29. Idan aka jera su ɗaya bisa ɗaya, yaro zai ga sun yi zamani tare na fiye da shekara 150. Ku ba kowace nahiya kalarta. Idan bayan wata uku kuka ga kala ɗaya ta mamaye bangon, karatunku ne ya karkata, sai a gyara. Shekarar da masana ba su tsayar ba a rubuta mata “wajen” a gaba.

MATAKI NA 9: HAƊA SU

Kowane kati yana da lamba, kuma lambar nan tana da ’yar’uwa a jikin taswira, a kan fil ko ɗan guntun salatif. Ba a rataya kati sai an nuna wurinsa.

Labarin tafiya ya fi komai daɗin wannan aiki. Matafiyin nan Ibn Battuta ya bar Tanja ta Maroko a 1325, ya isa Makka a 1326, ya kai Delhi wajen 1334, ya koma Maroko a 1349, ya ƙetare Sahara zuwa Mali a 1352. A kafa fil a kowane zango, a ja zare a tsakani, kowane fil da katinsa a layi. Kusa da katin 1325 yaro zai tarar da na Mansa Musa, wanda ya ratsa Alƙahira a 1324 a hanyarsa ta hajji, ya kuma gane cewa shekara ɗaya ce ta raba tafiyoyin biyu.

Ko ku ɗauki Vasco da Gama, matuƙin jirgin ruwa ɗan Fotugal, da ya tashi daga Lisbon a Yulin 1497 ya isa Kalikut ta Indiya a Mayun 1498, bayan ya kewaye Afirka ta kudu. Ku bar yaron ya ja zaren, ku jira. Sau da yawa shi zai tambaya me ya hana shi bi ta Bahar Maliya, ga ta nan kusa. Sai ku tura shi layi ya nemo katin Mashigin Suwez, hanyar ruwan da aka haƙa ta haɗa Bahar Rum da Bahar Maliya, 1869.

Abin lura: iyakokin yau ba su ne na da ba. Idan ana maganar tsohuwar daula, a zana ta a takarda mai shara-shara a ɗora a kan taswirar yau, a rubuta shekara a kusurwa. Daular Mali ta ƙarni na 14 da ƙasar Mali ta yanzu suna ɗaya ne, amma iyaka daban.

MATAKI NA 10: TSARIN MAKO

Minti 15 zuwa 20 sau uku a mako ya wadatar. Kati biyu ko uku a mako, ba fiye ba, kuma daga abin da aka karanta a makon za su fito. Kada ku zauna dare ɗaya ku cika bangon da kanku don ya yi kyau, katin da yaro bai sha wahalarsa ba ba ya tuna shi.

Ƙarshen mako a kwance kati biyar a cakuɗa, a rufe shekarar da ke jikinsu, yaro ya jera su. Abin da ake nema shi ne ya san wanne ya riga wanne, haddar lambar shekara tana zuwa daga baya. Sai a ba shi taswira mara suna ya cika abin da ya tuna, ya ɗauko ta bango ya gyara da jan fensir da kansa. A rubuta kwanan wata a ajiye, bayan wata biyu a kwatanta da sabuwa.

Idan yaran shekarunsu sun bambanta, ƙarami ya yi zane da kala, na tsakiya ya nemo wuri a taswira, babba ya yi lissafin santimita ya ɗaura ƙulli. Taswirar waya da hotunan tauraron ɗan Adam irin na Google Earth suna da kyau wajen nuna yadda wuri yake a zahiri, amma a buɗe su bayan an nemo wurin a takarda, domin da yatsa biyu ake ƙara girmansu a rage, ma’auni yana sauyawa yaro bai sani ba. Igiya kuma takan saki bayan ’yan watanni saboda nauyin katuna. Ku kafa ƙusa ko ƙugiya a kowace mita ɗaya ta tallafe ta, ku sake bin ɗigon da tef sau ɗaya a zango, wanda ya goce a mayar da shi gurbinsa.